Ba Shiga

Ni ce na hana uwata kama hannun yayarta, kuma ban zo neman kowa ya wanke ni ba. Gara dai in faɗa da bakina, don dangin da ke ba da labarin nan a gidajen biki sun cika masa gishiri.

Shekarar da korona ta shigo, Inna ta zo wurina Yamai daga Maraɗi don a yi mata aikin yanar ido. Idon dama ya riga ya rufe, na hagu kuwa inuwar mutum kawai yake nuna mata. In ka gaishe ta sai ta miƙo hannu ta kama naka, ta shafa yatsunka ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "A'a, kai ne?" Da hannu take gane mutane. Ga ciwon suga, ga asma da take fama da ita tun ina yarinya, wadda in ta motsa ana jin kukan ƙirjinta daga tsakar gida. Shirinmu mako biyu ne: a yi aiki, ta huta, in saka ta a bis ta koma ta yi azumi a ɗakinta.

Saura kwana uku a yi aikin aka kira ni daga asibiti aka ce an ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba. Na hau moto, wato babur ɗina, na tafi da kaina, wai ko in na yi faɗa za a sake shawara, don ni Allah ya yi ni da saurin baki. Lokotoron, wani dattijo mai furfura, ya bar ni na gama zazzaga masifata tas. Sannan ya gyara babet ɗin da ke hancinsa, wannan ƙyallen da duk muka koma ɗaurawa, ya ce, "Madam, ido zai jira. Ƙirjin nan nata ne abin tsoro. In cutar nan ta kama ta, ba ni da abin da zan ce miki. Ki je ki rufe ƙofarki."

Ba a yi mako ba aka rufe Yamai ɗin kanta, ba shiga ba fita. Aka rufe lakwal ɗin da nake koyarwa, aka rufe masallatai. Inna ta maƙale a gidana a unguwar Dar es Salam da jakar kayan mako biyu.

Rufe ƙofa! Da sauƙi a bakin lokotoro. Shi bai san mutanen Maraɗi da ke Yamai ba. Tun ranar da aka ji tsohuwa ta sauka ba ta jin daɗi, gidana ya koma tasha. Matan ƴan kasuwa, matan ma'aikata, da waɗanda kakanninmu suka yi maƙwabtaka, kowa da kwanonta ta zo dubiya. Kuma dubiya a wurinmu ba leƙe ba ce. Sai an shiga ɗaki, an zauna bakin katifa, an ba da hannu, an tambayi mutanen gida har da awaki. Inna kuwa abin nema ya samu, hira take kamar ba ita ce mara lafiya ba.

Da na dawo daga asibiti na zaro alli daga jakata, na tsaya gaban ƙofarmu ta ƙarfe na rubuta da manyan baƙaƙe: BA SHIGA. Na ja layi biyu a ƙasa, irin yadda nake yi wa ɗalibai a allo. Na koma ciki ina jin na gama aiki.

Kashegari na je farmasi sayen maganin Inna. Ina dawowa na tarar da maza uku tsaye a inuwar dogon yaro a ƙofar gida, cikin ladabi, hannuwa a baya. Ɗaya daga cikinsu, telan unguwarmu ɗan Maraɗi, ya ce, "Madam, ashe maigida ya sa kulle? Madalla, Allah ya ƙara imani." Ban gane ba sai da na tura ƙofa. Takalman mata ne birjik a bakin ɗakin Inna, har ba wurin taka ƙafa.

Wayyo ni! Ni da aka haifa a Maraɗi, ni ce na manta abin da "ba shiga" ke nufi a ƙofar Bahaushe. Gidan kulle ke nan: namiji ya tsaya waje ya yi sallama, mace ta wuce abinta. Ba wadda ta ga rubutun ta ɗauka da ita ake. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce abokansa na fada, inda suke zaman hira, sun ishe shi da tsiya, wai shekara ashirin matarsa na yawo da moto a gari sai yau ya tuna da kulle. Ni ban ga abin dariya ba. Na tsaya bakin ɗakin na tafa hannu na ce, "Jama'a, mun gode, Allah ya ba da lada, kowa ta ɗauki takalminta."

Wata hajiya ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke, cutar nan ta masu hawa jirgi ce. Zafin Yamai kaɗai ya isa ya gasa ta."

Na ce, "To Hajiya, a je a gasa ta a waje."

Ranar na sayo kwaɗo na garƙame ƙofa, na rataya makulli a wuya. Ƙarƙashin rubutuna na ƙara: MACE KO NAMIJI. Na ajiye kujera bayan ƙofa, nan na koma wuni, duk wanda ya buga in gaishe shi ta tsagar da ke tsakanin ƙyaure biyu, in ce saƙonsa zai isa. Maigida ma in ya dawo sai ya wanke hannu da sabulu a bokiti, ya sake riga, kuma gaisuwarsa da surukarsa daga tsakar gida. Kafin mako ya zagayo an raɗa mini suna gardi, wato mai gadin ƙofa.

Inna ta daina cin tuwon dare don fushi. Ta ce, "Kin mai da ni fursuna. Ajali dai ba ya jin kwaɗo."

Na ce, "Inna, ajali na Allah ne, ƙofa kuwa tawa ce."

Duk wannan mai sauƙi ne, don korar hajiyoyi bai taɓa hana ni cin abinci ba. Wadda nake tsoron zuwanta ita ce Iya, yayar Inna uwa ɗaya uba ɗaya, da ke zaune a Lamorde, ƙetaren kogi. Lokacin da na zo jami'a ita ta riƙe ni shekara huɗu a ɗakinta. Ita ke ajiye mini tuwo a rufe in na daɗe a aji, ita ta yi mini wankan jego da na haifi ɗana na fari. Sau ɗaya kawai suka gana da Inna tun zuwanta, ranar da ta sauka, sai ciwon ƙafa ya zaunar da Iya. Kullum Inna na cewa, "Yaya dai za ta zo, mu ga ko ita ma za ki kore ta."

Ta zo da hantsi, ana saura mako guda a fara azumi. Kafin ta buga ƙofa na ji tarin. Busasshen tari ne, mai jan mutum har ya sunkuya. Na leƙa ta tsaga na gan ta tsaye da kwano a hannu, taksin da ya kawo ta yana juyawa. Idanunta sun yi ja, gumi ya jiƙa mayafinta, tana numfashi da baki.

"Buɗe, ɗiyata, ni ce."

"Iya, sannu da zuwa. Tun yaushe kike wannan tari?"

"Mura ce, yau kwana huɗu. Buɗe mini, rana na dukana. Dambu na yi wa uwarki da kopto, kwaɗon zogalen nan, na san tana so."

Makullin na wuyana, na kama shi har ya shiga tafin hannuna. Na ce, "Iya, ba zan buɗe ba."

Ta ɗaga kai ta dubi allin da ke ƙofa, ko da yake ba ta yi lakwal ba, an dai gaya mata abin da ke jiki. Ta ce, "Ashe rubutun har da ni?"

"Har da ke, Iya."

Inna ta ji muryar daga ɗaki. Sai ga ta ta fito ba takalmi, tana laluben bango, tana kira, "Yaya ce? Yaya!" Ƙasar tsakar gida ta ɗauki zafi amma ko a jikinta. Ta iso ƙofa ta shafa ƙarfen har ta sami tsagar, ta fara cusa hannu. Daga waje Iya ta ajiye kwano ta zuro nata yatsun, da jan lallenta. Tazarar da ta rage ba ta fi taƙi ba.

Na cafke wuyan hannun Inna na janye shi. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe uwata da ƙarfi ba sai ranar. Hannun ba nauyi, ƙashi ne da fata, kuma tana ja ina ja.

"Sake ni."

"Ba zan saki ba."

"Na ce sake ni, yayata ce!"

"Na sani, Inna. Ba zan saki ba."

Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, "Yau na ga abin da na haifa." Yatsun Iya suka ɗan jima a tsagar, sannan suka koma.

Na kai wa Inna kujera tsakiyar gida, Iya ta zauna a bencin da ke inuwar dogon yaro, suka gaisa da ɗaga murya kamar masu ciniki a kasuwa, tari na katse Iya. Na roƙe ta ta wuce asibiti, na kira ɗanta a waya na ce ya zo ya kai ta. Da za ta tafi ta ce wa Inna da Zabarmancin da zaman Lamorde ya koya mata, "Kala suuru, ƙanwata. Sai haƙuri. In an buɗe zan dawo." Dambun nan ban ba Inna ko loma ba.

Kwana tara bayan nan Iya ta rasu a ɗakinta, mutane na bakin azumi. Ba ta je asibiti ba, ba a gwada ta ba, don haka har yau ban san ko korona ce ba. Dangi sun ce zazzaɓi ne da ajali. Mai yiwuwa gaskiyarsu ce, mai yiwuwa da na buɗe babu abin da zai faru sai gaisuwa da cin dambu. Wannan tunanin ya ci ni, kuma yana ci na. Na yi wa Iya kukan da ban yi wa ubana ba, a kicin, fuskata cikin mayafi don kada Inna ta ji. Ina ƙaunar matar nan, kuma maganar ƙarshe da ta ji daga bakina ita ce "har da ke".

Inna ta ɗaura zane ta ce a kai ta zaman makoki. Na ce ba inda za ta, ɗaki ne cike da mutanen da suka yi jinyar mai tari. Ni kaɗai na ƙetare gada na tsaya bakin ƙofa da babet na yi ta'aziyya. Ba wanda ya amsa, sai wata daga ciki da ta ce, "Ku matsa, ga gardi ta zo."

Bayan damina aka yi wa Inna aiki. Ranar da aka cire mata bandeji ta ga lokotoro, ta ga fanka na juyawa, ta ƙirga yatsun da aka nuna mata daidai. Ta ce a kai ta Lamorde. Ta zauna a ɗakin Iya tun azahar har la'asar, tana duban gado da butar alwala da ƙusar da ake rataya tasbaha. Kashegari ta ce Maraɗi za ta.

A tasha, na miƙa mata ruwa da maganinta, ta karɓa. Karo na farko ke nan da ta dube ni ido cikin ido tun da ta warke.

"Hankalinki ya kwanta? Ga ni da rai."

"Alhamdu lillahi, Inna."

"Ban yafe riƙon nan ba."

Na ce, "Na ji. Allah ya huci zuciyarki. Amma da za a maimaita, zan sake riƙewa."

Dattawan dangi sun yi ta zarya, wai in je in durƙusa in ce na yi kuskure, magana ta wuce. Na je, na durƙusa, na nemi gafarar ɓacin ran da na sa ta. Kalmar kuskure ce ba za ta fito daga bakina ba, don ba zan yi wa uwata ƙarya ba ko don ta yi mini murmushi. Su ce taurin kai, su ce butulci, duk na ɗauka.

Inna tana nan a Maraɗi, tana zura zare a allura da kanta, tana faɗa da jikoki. Kowace Juma'a ina kiran wayar ƙanena ya kai mata. In gaishe ta, ta ce, "Lafiya lau," shi ke nan ta yi shiru. Ni ma ba na cika ta da magana. Nakan manna wayar a kunne ina sauraron numfashinta yana shiga yana fita, har ta gaji ta miƙa wa ƙanena.