Muciyar da Mashin ya Cinye

Ranar da muka kai mashin sussuka ƙauyen Kelle ba ta fita raina ba har yau, kuma ku da za ku gaje ni a bakinsa gara ku ji.

Lokacin kaka ne, shekarar da ƙungiyar matanmu ta Gure ta samu mashin ɗin. Aikinsa biyu: haƙoran ƙarfe a ciki suna murje zangarniya, iska kuma tana hura ƙaiƙayi ta wani dogon maƙogwaro. Malam Gaptiya shi ke tayar da shi, ni ke tsaye a baki ina lura da abin da ake zubawa. Hajiya Falmata ce shugabarmu.

Hatsin ranar bai gama bushewa ba. Kafin azahar maƙogwaron ya toshe, ƙarar ta sauya. Gaptiya ya naɗe hannun riga zai zura hannu ya jawo cunkoson, domin mashin ɗin in ya mutu sai an sha wuya yake tashi. Na kai hannu na kashe shi.

Hajiya ta taso da faɗa, ta ce mutanen ƙauye sun jera dammunan hatsi suna jira, wa ya ba ni izini. Na ce ba kowa. Ta ce to tunda ya mutu, in matsa Gaptiya ya sa hannu a gama. Shi ma ya ce haka.

Gaskiya ban san wani dalili ba a lokacin. Na dai ga mutum mai ’ya’ya da hannu biyu, da rami mai duhu da ban ga cikinsa ba. Na tare bakin da jikina.

“Inna Gambo, ki matsa, ko gobe ki zauna gida,” in ji Hajiya.

“Sai in zauna, Hajiya. Amma yau hannu ba ya shiga nan.”

Na aika gidan da ke kusa aka aro mini muciya. Mata suka yi ta dariya, wai tsohuwa za ta tuƙa wa mashin tuwo. Gaptiya ya ce in tuwon ya nuna a sam masa.

Na zura muciyar na soka, na sake sokawa. Cunkoson na sakin jiki, sai ƙarfen ya juya da kansa, ƙarfin da ya maƙale a ciki ya kuɓuce. Na ji ƙas. Da na jawo, rabin muciyar ne a hannuna.

Dariya ta tsaya. Gaptiya ya dubi yatsunsa, ya sauke hannun rigarsa. Da yamma Hajiya ta saya wa matar gidan sabuwar muciya. Washegari na fito aiki, ba wanda ya ce in koma.

Guntun nan da kuke gani ɗaure a jikin mashin, shi ne. Mashin a kashe ma bai gama cizo ba, kuma mai gaggawa ba shi ne zai zauna da dungun hannu ba. Duk wadda ta kwance guntun nan, da ni za ta yi.