Baƙar Mota da Magaribar Alhamis

Mun tashi daga Ƙaura Namoda ranar Talata ana fitowa daga sallar asuba, ni da abokina bakanike, a cikin motar da ba ta zama tawa ba tukuna. Bari in yi bayani, don masu tare ni a kasuwa suna yi mini murna su san yadda abin ya kasance. Motar doguwa ce, baƙa, 'yar Kwatano, ta bi hannun mutum biyu kafin ta iso Ƙaura, kuma gas take sha, ba fetur ba. Alhajin da ke sayar da ita ya ba ni zaɓi na kwana uku a gaban shaidu biyu. In na ce na fasa kafin a kira magaribar Alhamis, babu ciniki. In ladan ya riga ni, mota ta zama tawa, kuɗin sallamata na reluwe kuma sun zama nasa, kusan dukkansu. Shekara talatin ina yanka tikiti a tashar jirgi, abin da na fito da shi ke nan.

Alhajin bai ɓoye mini aibinta ba. Ya ce tun da aka ƙaddamar da Shari'a ya daina rantse-rantse a kan mota, abin da ya sani zai faɗa. Cikinta ƙasa-ƙasa ne, ba ta son rami. Giyarta mai canza kanta ce, in ta mutu ba a tayar da ita da turi. Allurar mai kuma maƙaryaciya ce, kada in yarda da ita. Na ce na ji. Gaskiya ban ji ba, kunnena yana can wurin ƙugin injin, wanda ke tuna mini kan jirgi in ya tsaya a tasha yana huci.

Ba don gayu nake neman mota ba, ko da yake ba zan rantse babu ɗan gayun a ciki ba. Mahaifiyata, Inna, tana wani ƙauye bayan Galadi, ciwon ƙugu ya kwantar da ita, wata huɗu ba ta samun barcin kirki. Likita a Gusau ya ce kowane wata a kawo ta. Da can kabu-kabu ke fito da ita bakin titi, yanzu an hana masu babur ɗaukar mata, motocin da aka ware wa mata kuma ba su kai ƙauyenmu ba. Ban ƙi dokar ba, kuma ko ba doka ƙugun nata ya wuce hawan babur. Amma dai dole a kai ta, kuma ni ne babba.

Zurmi muka fara nufa don ɗauko ƙanwata da ke aure can. A wannan hanya motar ta yi mini duk abin da zai sa in so ta. Ramukan da ke sa motar haya ta yi tsalle, ita sai ta lanƙwasa ta wuce kamar an shimfiɗa mata katifa. Mun wuce layin masu jiran fetur da ya kusa fita gari, direbobi na kwance a ƙarƙashin motocinsu, ni kuwa ko kallon gidan man ban yi ba. An yanke gero, an jera dammuna a gonaki, dawa kuma tana tsaye ta sunkuyar da kai. Na ce wa abokina ya duba allura, ko motsi ba ta yi ba.

Ya ce, "Ita ce fa aka ce maka tana ƙarya."

Daga nan ya fara jero mini laifuffukanta, bai tsaya ba sai da muka hango Zurmi. Kayan gyaranta sai Kano, wani ma sai Legas. Babu mai iya buɗe famfon manta a duk Ƙaura, shi kansa motar fetur ya koya. Tayarta ɗaya kuɗin buhunan dawa ne. In ta kwanta, kuɗin sallamata sun kwanta tare da ita, fansho kuwa na san yadda yake zuwa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya ba ni haushi.

A Zurmi na ga wani aibin da Alhajin bai lissafa ba. Mai tsiren da na saba saye a wurinsa tsinke naira goma, yana ganin na fito daga baƙar mota ya ce ashirin, har da "ranka ya daɗe". 'Yan Fulanin da ke sayar da nono su kaɗai ba su canza mini farashi ba. Muna cikin shan fura a gindin bedi sai ga wani dattijo ya tube takalmi ya durƙusa, ya miƙo mini takarda a ninke. Ashe ya ɗauka ni cikin manyan sabuwar jiha ne daga Gusau, yana roƙon a gyara musu rijiyar unguwa. Na rantse masa ni tsohon mai yanka tikiti ne. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce ya gane, manya ba sa son a san su. Takardar tana aljihuna har yau, ban san wanda zan kai wa ba.

Mun kwana Zurmi, Laraba muka ɗauki ƙanwata muka juyo, muka miƙi hanyar Shinkafi ta Moriki. Mun iske Shinkafi ta fara cika don kasuwar Alhamis, manyan motoci na sauke buhuna, Buzaye sun ɗaure raƙumansu a bayan gari. Muka ci hoce da ƙuli-ƙuli, sannan muka nemi gas. Gidan mai ya ce babu. Masu sayarwa a galan suna da shi, amma abokina ya ɗiga a tafin hannu ya shinshina, ya ce an haɗa da kananzir, zai kashe injin. Na leƙa allura, tana kan rabi. Na ce mu tafi, zai kai mu ya dawo da mu. Ni na faɗa, da bakina, babu wanda zan ɗora wa.

Daga Shinkafi zuwa Galadi motar ta nuna mini ɗaya fuskar tata. Duk inda hanya ta yi tudu a tsakiya sai in ji cikinta ya gurji ƙasa, ni kuma in ji abin har cikin haƙorana. Sau biyu ta nutse a yashi, tayoyi na juyawa a banza, sai da manoma suka bar aikinsu suka sa mata karan dawa a ƙarƙashi. A Galadi muka haƙura muka ajiye ta a ƙofar gidan wani ɗan'uwanmu, ni da abokina muka hau babur, ƙanwata ta bi amalanken shanu. Motar da zan saya don Inna ta kasa isa ƙofar Inna.

Na iske Inna ta rame fiye da yadda na bar ta. Ni ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai dole. Komai ta bakin ƙanwata yake biyowa, ko da ina zaune a gabanta. Da safen Alhamis ƙanwata ta fito ido jawur ta ce, "Yaya, ko runtsawa ba ta yi ba." Muka shimfiɗa katifa a amalanke, aka kawo ta Galadi a hankali, tana cije leɓe duk inda taya ta hau dutse. Da ta ga motar ta daɗe tana kallo, sannan ta juya wurin ƙanwata.

"Tambaye shi, wagga ta wa ce?"

Na ce aro ce. Ban yi ƙarya ba, ranar dai aro ce.

Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar ƙanwata. Ba mu ci rabin hanyar Shinkafi ba, rana ta take, injin ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Na murɗa makulli, ya yi gurnani ya ƙi. Allura tana nan a kan kwata ba kunya. Abokina ya kwance bututu ya ce ko ɗigo babu, kuma ba shi ke nan ba, motar gas in ta ƙone mai ƙarƙaf tana shan iska, ko an zuba wani ba ta tashi sai an fitar da iskar. Na ce to ya fitar. Ya ce ya taɓa gani ana yi, bai taɓa yi ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Baƙar mota a rana tanderu ce. Inna na nishi a ciki, fito da ita wahala, barinta wahala, ƙanwata na yi mata fifita da gefen mayafi. Babu turi, Alhajin ya faɗa. Ga Ƙaura da nisa, ga magariba na tahowa. Na tsaya a bakin hanya na yi wa kaina faɗan da ban taɓa yi wa kowa ba.

Cikin haka muka jiyo bugun injin niƙa daga wani ɗan ƙauye a gefen hanya. Na tafi da ƙafa. Mai injin dattijo ne, gari ya rufe masa gemu da gira, mata sun jera ƙoren dawa suna jira. Ya saurare ni, ya kashe injinsa, ya tsiyaye man da ke cikin tankinsa a galan, matan na ta gunaguni a kan tuwon dare. Ya biyo ni da galan ɗin, da ya buɗe gaban motar sai ya yi murmushi.

"Wagga ai ƙanwar injina ce, riga kawai aka sa mata."

Ya sassauta wani noti, ya kama wani ɗan famfon hannu da ni da bakanike ba mu ma lura da shi ba, ya yi ta bugawa har kumfa ta daina fita, mai ya fito tas. Ya ce in tayar. Ta ƙi. Ya sake, ta ƙi, batir ya fara ja da ƙyar. Ya ce saura ɗaya, in yi bismilla. Ta yi tari, ta girgiza, ta tashi da baƙin hayaƙi. Kuɗin mansa kawai ya karɓa, ya ce in gaida mai jiki. Da muka kai titi abokina ya ce shi dai ya ga abin da ya gani. Na ce ni ma na gani, yau zan mayar wa Alhaji kayarsa. Har zuciyata na faɗa.

Cunkoson kasuwar Shinkafi ya cinye mana kusan awa guda. A can muka sami gas mai kyau wurin wani direban babbar mota. Mun yi la'asar a Moriki a gurguje, na riƙa kallon rana fiye da yadda nake kallon hanya. Muna barin Moriki ƙanwata ta taɓa kafaɗata ta ce a hankali, "Yaya, rage magana. Inna ta yi barci."

Na duba madubi. Bakinta a ɗan buɗe, hannunta ya saki gefen kujerar da ta riƙe tun Galadi. Na rage gudu ba tare da na yi niyya ba.

Mun shiga Ƙaura rana ta yi ja. Na tsaya nesa kaɗan da ƙofar Alhajin, ina hango shi a kan tabarma da buta, shaidun nan biyu na gefensa, don sun san ranar ce. Na kai hannu zan kashe injin, ƙanwata ta girgiza kai, ta ce ƙugin ne ke riƙe da barcin. Abokina ya nuna mini agogo.

Ya ce, "Ba sai an tashe ta ba. Ka je ka faɗa da baki ka fasa, shaidu na nan."

Gaskiyarsa. Na buɗe ƙofa, na sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Duk lissafin yana kaina: yashin Galadi, kayan gyara a Kano, tsiren naira ashirin, shekara talatin a tagar tikiti. Sai na tambayi kaina, to ranar Litinin da me zan kai Inna Gusau, da watan gobe, da na bayansa? Na sake duban madubi. Na mayar da ƙafata ciki, na ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara. Muna zaune haka ladan ya kira salla. Alhajin ya ɗago mini hannu daga nesa, ni ma na ɗaga masa. Abokina ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya sa albarka, ya fita neman ruwan alwala.

Sai da muka isa gida Inna ta farka. Ta dubi ƙofar gidana, ta ce wa ƙanwata, "Ce mashi ya kashe, mai na ƙonewa a banza."

Masu tambayata ko su sayi irin wannan mota, ga abin da tafiyar ta koya mini. In mai kaya ya faɗa maka aibi, ka saurara da kunne biyu. Kada ka bar gari ba jarka cike a bayan mota. Ka san inda kowane injin niƙa yake a hanyarka, ka kuma riƙa gaida masu shi. A lissafi dai abokina ne mai gaskiya, bai kamata mai jiran fansho ya saye ta ba, kuma har yanzu duk safiya in zan murɗa makulli gabana faɗuwa yake. Ban ce na yi dabara ba.

Amma da hantsin Juma'a ina zaune a zaure ina wannan tunani, ƙanwata ta leƙo ta ce Inna na tambaya ko za a buɗe mata motar. Na ce ina za ta? Ta ce ba ko'ina, barci take ji.