Sunan Ɗan Kumasi

Duk Zongon Wagadugu an san Hajjo mai goro, kuma an san bakinta. Tsohuwa ce mai shekara tamanin, kullum tana ƙofar gida da farantinta rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kuma in ka tsaya sayen goro ɗaya sai ka tafi da labari uku, ko kana so ko ba ka so. Masu sauri kan canja hanya.

Tana budurwa a unguwar Dapoya ta auri wani bafatake da ya zo daga ƙasar Kano shi kaɗai. Ɗan Kumasi ake ce masa, domin rabin rayuwarsa a wannan hanya ya yi ta: ya kora shanu kudu a ƙafa, ya dawo da huhunan goro a bayan babbar mota. Allah bai ba su haihuwa ba. Shekara arba'in da biyu suka yi tare, kuma ko sau ɗaya Hajjo ba ta kama sunansa ba, irin kunyar matan zamaninta. "Malam" take cewa, in ranta ya ɓaci kuma "mutumin nan". Gobarar babbar kasuwar Rood Woko ta cinye rumfarsa da takardunsa duka, shekara na zagayowa ya rasu.

Sai bana aka sami mai son surutun Hajjo. Khadijatu ce, 'yar maƙwabta, wadda ke koyar da tarihi a makarantar sakandare. Ta gaji da yaran da suka haddace yaƙe-yaƙen Turawa amma ba su san yadda kakanninsu suka zo Wagadugu ba, don haka ta goya tsohuwar a babur ta kai ta aji. Hajjo ta zauna kan kujerar malama tamkar gadonta ce. Ta faɗa musu yadda ake yayyafa wa huhu ruwa a hanya kada goro ya bushe, da yadda Malam ya ƙetare kogi riƙe da wutsiyar sa. Tana Hausa tana haɗawa da Mosanci, Khadijatu na juyawa da Faransanci, har masu gyangyaɗi a bayan aji suka farka. Hajjo ta dawo gida tana jin daɗin da ta daɗe ba ta ji ba.

Bayan kwana biyu Khadijatu ta zo da wayarta.

"Inna, za mu naɗa maganarki a ajiye wa yaran baɗi. Amma shaida sai da suna. Yaya sunan Baba na yanka?"

"Kai, 'yar nan, ba ki da kunya? Lakwal ɗin ce, makarantar bokon taku, ta koya miki haka? Je ki tambayi maza."

"Na tambaya, Inna. Na je wurin liman, na je wurin 'yan goro a kasuwa. Kowa Ɗan Kumasi ya sani. Kart dantite ɗinsa kuma, katin shaidarsa, ta ƙone."

Hajjo ta buɗe baki za ta tura ta wurin wani, sai ta shiga lissafa abokan tafiyarsa da waɗanda suka shaida aurensu. Duk suna ƙasa. Ashe shekara ashirin ke nan ita kaɗai ke riƙe da sunan bawan Allahn nan, kuma ranar da aka ɗauke ta sai a binne shi tare da ita.

Ta daɗe tana gyara tsumman da ba ya bukatar gyara.

"Kunna abin," ta ce. "Ki ba ni. Ke kuma fita waje."

Ta shiga ɗaki ta saki labule, ta zauna bakin gado ta juya wa ƙofa baya. Kunya ta kama ta kamar amarya. Da ƙyar ta kai wayar bakinta.

"Aliyu ɗan Sani," ta ce a hankali, don yaran makaranta.

Aikin ya ƙare ke nan, amma ba ta tashi ba. Ba ta taɓa jin sunan da muryarta ba, kuma ya yi mata daɗi har hawaye suka zubo. Ta ajiye wayar kan gado.

"Aliyu," ta sake cewa, ta kasa kunne tana saurare.