Wayar da Na Ɓoye wa Abba

Ina shekara tara Kaka, mahaifiyar Abba, ta zo mana Kuala Lumpur daga Kano, zaman wata uku. Ina jin Hausa amma ba na mayarwa. In ta tambaye ni ko na ci abinci, da yaren Malay nake amsawa. Abin yana mata ciwo.

Bayan magariba mukan zauna a baranda, hawa na sha ɗaya, maganin sauro yana hayaƙi. Shi ne wutar hirarmu. Ta ja eriyar tsohuwar rediyonta, ta murɗa gajeren zango har ta kamo wata waƙa, ko ta Larabawa, ko ta Habasha, oho. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ba ta taɓa rasa fassara ba.

"Ga ta nan tafe daga nesa," in ji ta. Wai wata uwa ce ta aiki muryarta ƙetaren teku neman 'ya'yanta. In waƙar ta dusashe cikin shuuu, to muryar ta gaji, ta zauna kan dutse, kuma ba za ta tashi ba sai an faɗa mata hanya da Hausa. Haka nake kame-kame, ina kwatanta wa muryar kasuwar Chow Kit da layin masu kifi, Kaka tana gyara min.

Sai Abba ya sayo rediyon tauraron ɗan'adam don ya faranta mata. Sauti garau, har sunan waƙa yana fitowa. Muryar ta daina gajiya, tatsuniya ta ƙare. Kwana huɗu muna zaune kamar baƙi a asibiti, ga kwanakin Kaka suna tafiya.

Na zare wayar eriyar sabuwar rediyon na cusa ƙarƙashin katifa. Da Abba ya gano, ransa ya ɓaci, ya tambayi dalili da Turanci.

"Wannan ba ta yin shiru," na ce. "In ba ta yi shiru ba, Kaka ba ta magana da ni."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa wayar a aljihu, bai mayar da ita jikin rediyon ba.

Na girma ina zaton tausayin Kaka ya ji. Sai bayan rasuwarta ya gaya min, ranar ce ya fara jin 'yarsa ta yi masa magana da harshen uwarsa.