Rijiyarmu da Tankin Maƙwabta

Rijiyar gidanmu a unguwar Sabo ta girmi mahaifina. Da ruwanta Umma ke dama kunun zaƙi da zoɓon da 'yan dako ke saye a ƙofar gida, kuma kunun nan ne ya kai ni makaranta. Ni dai abin da nake so shi ne in leƙa ta da hantsi, in ga fuskata tana rawa can ƙasa tare da guntun gajimare.

Shekarar da na gama sakandare, maƙwabcinmu Alhaji ya haƙa burtsatse har biyu a jikin katangarmu, yana sayar da ruwa ga 'yan garuwa da masu otal a unguwar Mokola. Baba ya kai ƙara ofishin kula da muhalli, don gudun kada su janye ruwan rijiyarmu. Jami'in da aka turo, wanda muke kira wole-wole, gidan Alhaji ya fara shiga. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, direban gidan na biye da shi da buhun shinkafa zuwa mota. Sannan ya shigo namu, ya leƙa rijiya, ya ce ta yi kusa da masai, idan Baba ya ƙara magana zai sa a rufe ta.

Kafin damina ta dawo, guga ya fara fitowa da laka.

'Yar Alhaji ajinmu ɗaya tun firamare. Daga tagata ina hango tankinsu a sama, ya cika yana ambaliya, ruwa na bin bango har gansakuka ta fito kore shar. Ta shuka furanni a tsofaffin bokitai, tana ba su ruwa safe da yamma, tana waƙa. Nakan tsaya ina kallo har wuyana ya ƙage. Furannin na fi jin haushi, don sun fi Umma samun ruwa.

Wata rana ta hango ni ta saman katanga.

"Ore mi, ƙawata, kin daina shigowa! Ko kin zama Hajiya, sai an aiko mota?"

"Aiki ne ya yi yawa."

"Wane aiki, ke da ba ki iya komai ba sai kallon sama? Miƙo bokiti in cika miki, joo, don Allah."

Na miƙa. Ta cika shi har yana zuba a ƙafarta, ba ta ko duba ba. Wannan rashin dubawar na yi ta so a ce nawa ne.

Bayan Babbar Sallah Baba ya kira magini, aka ɗora wa rijiyar murfin siminti. Umma ta koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, ta bar zoɓo, ta rage tukunyar kunu. Jarkar farko da aka sauke mata, ta ɗiba a tafin hannu ta kurɓa.

"Namu ne," ta ce. "Ko ɗanɗanonsa bai sake ba."

A bayan katanga, tankin ya ci gaba da zuba.