Unguwar da Ke Ƙarƙashin Gada

Shekara ashirin da uku Gwaggo ta yi tana goge gilashi a gidan tarihin birnin. Daga maigadi har shugaban gidan, kowa Gwaggo yake ce mata, don ta girme su duka. Da sassafe take zuwa, kafin a buɗe wa baƙi ƙofa, da bokitinta da tsumma biyu, jiƙaƙƙe da busasshe. A lokacin rana kan leƙo ta tagogin sama ta kwanta a kan tsoffin tukwane da makullai da ma'aunan 'yan kasuwar da, sai ta ji kamar masu kayan fita kawai suka yi, yanzun nan za su dawo. Ba ta iya karanta takardun da aka liƙa a jikin akwatunan ba, amma kowane abu ta san shi kamar yunwar cikinta.

Mijinta tela ne, mai tsokana. Yakan ce, "Ki yi hankali, wata rana za su rufe ki a akwati su manna miki takarda."

"Da kai za a fara, kai da keken ɗinkin nan naka," in ji ta.

Wata shekara aka shirya baje kolin tsoffin hotunan birnin. Tana cikin goge su ɗaya bayan ɗaya, sai hannunta ya tsaya cak. Hoton wani lungu ne siriri, da famfo a bakinsa, da wata mata ɗauke da kwanon wanki, fuskarta ta yi dishi-dishi don tafiya take aka ɗauka. Unguwar da aka haifi Gwaggo ce, wadda aka rushe tana 'yar shekara tara, aka ɗora gadar sama a kanta. Har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar bakin famfon ta ji.

A haka jami'in da ke kula da hotunan ya same ta.

"Gwaggo, lafiya?"

"Ɗan nan, me aka rubuta a ƙasan wannan?"

"An ce wani lungu ne, ba a san ko ina ba ne."

"Ba a sani ba? To ni na sani."

Ta shiga nuna masa da ɗan yatsa. Ga shagon mai gyaran agogo, wanda akunsa ke zagin duk wanda ya wuce bai yi sallama ba. Ga gidan da makaɗa ke koyon kiɗa da la'asar. Matar kuwa, ko innarta ce ko maƙwabciyarsu, don zane iri ɗaya suke ɗaurawa. Ta daɗe tana kallo, ta kasa rabewa.

Kwana uku jami'in yana naɗar maganarta. A na huɗu ya roƙe ta ta riƙa kai baƙi inda unguwar take a da, duk Asabar.

"Ni da ban yi boko ba?"

"Abin da ke kanki, Gwaggo, babu shi a littafi."

Asabar ta farko mutum goma sha ɗaya suka bi ta, har da ɗaliban zane da takardunsu. Ƙarƙashin gadar babu komai sai ginshiƙai da inuwa, motoci na rugugi a sama. Gwaggo ta lumshe ido, ta ƙirga taku daga ginshiƙi na biyu.

"Nan ne famfo. Ku kuma ku matsa, kun tsaya a tsakar ɗakin mutane."

Suka yi dariya, amma suka matsa. Tana magana, lungun na tashi a gabansu ƙofa bayan ƙofa, ɗaliban na zanawa.

Wani dattijo mai facin taya da ke gefe ya ajiye aikinsa ya matso.

"Baiwar Allah, famfon ba nan yake ba. Gaba yake da taku biyar."

"Kai wa ya gaya maka?"

"A gabansa shagon babana yake. Mai gyaran agogo."

Gwaggo ta ƙura masa ido, ta riƙe baki. "Kai ne mai kunnen nan da akun ya ciza?"

Ya juya mata kunnen, ga tabon.

Tun daga ranar, duk Asabar sai ya rufe wurin facinsa ya bi ayarin. Gwaggo ta yi ritaya bara, amma ba ta fasa zuwa ba. Ita ta nuna nan, shi ya nuna can, ɗaliban da suka rasa wanda za su bi sukan zana famfo biyu.