Ruwan Bagaruwar Inna

Shekaranjiya a kasuwar Baure na wuce mai sayar da bagaruwa, warinta ya doki hancina, sai ga ni a tsakar gidanmu ina 'yar shekara tara.

Tun da Inna ta haifi autanmu, na biyar, kullum da hantsi sai an dafa bagaruwa a juye a baho a kai mata bayi. An gama wankan jego, an yi arba'in, ba a daina ba. Inna ta bar daka, ta bar ɗaukar tulu. Lokacin girbi kowa na sussuka, ita tana zaune a karkace. Tsummokaranta kuma bayan rumbu ake shanya su. Na tambayi kakarmu, ta ce, "Ke 'yar nan, bakinki ya fi ki girma. Sanyi ne." Gwaggo ta ce jegon ne bai gasu ba. Maƙwabciyarmu ta ce iska ce. To wanne ne, fisabilillahi? Inna kuwa ba ta tambayuwa. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa.

Bara fitsari ya fara tsaya mata, na ja ta asibiti a Daura. Nas ta ce mahaifa ce ta zazzago, naman da ke riƙe da ita ya saki saboda yawan haihuwa da doguwar naƙuda. Shekara goma sha huɗu matar nan tana mayar da ita da hannu, tana tarewa da tsumma! Da an zo da wuri, in ji nas, da atisayen matse gaba ya taimaka. Yanzu ko zoben roba da zai tallafe ta, ko tiyata.

Nas ta ce wa Inna, "Mama, wanne kike so?"

Inna ta zuba wa bango ido.

Na ce, "Inna, ki yi magana mana!"

Nas ta dube ni. "Ke ce ta fari? Fita."

Daga bakin ƙofa na jiyo Inna tana zuba zance, har da dariya. Zobe ta zaɓa. Ashe ni ce cikas ɗin.

Yanzu yara a waya suke karanta komai. Ni har yau na rasa da wa zan yi fushi. Cikina wata bakwai. Jiya, ina zaune taku uku daga gare ta, Inna ta ce wa ƙanwata, "Faɗa wa waccan, kada ta kuskura ta yi naƙuda a gida."